Komawa Yamai da iyali: wace unguwa ce mai sauƙin haya da kwanciyar hankali?

Ba'adare

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da damina. An canza mini wurin aiki daga Tawa zuwa Yamai, farkon Oktoba zan kama aiki a wata ma'aikata da ke Plato. Mu shida ne: ni da maiɗakina, yara uku (biyu suna firamare), sai mahaifiyata mai fama da ciwon gwiwa. Abin da zan iya warewa na haya bai wuce jika 60 a wata ba. Ina da moto.

Wani dillali da aka haɗa ni da shi ya turo mini hotunan gidaje uku ta WhatsApp. Ɗaki biyu da falo a Karaje, ƙetaren kogi, jika 45. Ɗaki uku a Yamai 2000, gida shi kaɗai da katangarsa, jika 50. Sai ɗaki biyu da falo a Banifandu, cikin gidan haya na magidanta huɗu, jika 60. Hankalina ya fi kwantawa da na Yamai 2000, don ga fili ga sauƙi. Dillalin kuwa kullum sai ya kira, wai in turo abansi kafin wani ya riga ni. Ni Yamai ban san ta ba, in ban da tasha da Babbar Kasuwa. Waɗanda suka san garin, don Allah wanne zan kama, kuma me ake dubawa?

Mai Awon Fili

Wa alaikumus salam Malam. Kada ka tura ko dala. Cinikin biri a sama ke nan, hoto ba ya nuna inda ruwa ke bi. Ka ma yi sa'a da maganar ta taso a Agusta, watan da sama ta fi zuba a Yamai. Gidan da ka gani yanzu ka ga gaskiyarsa. A Fabrairu kowane lungu bushe yake ƙayau, mai kyau da marar kyau kamarsu ɗaya.

Ruwan da ke ɓata gida a garin nan iri uku ne, kuma kowanne da inda yake kamawa.

Akwai na kogi. Kogin Isa sau biyu yake cika a shekara. Baƙin ruwa, wanda ke tasowa tun daga Gini, yana isowa wajen Disamba zuwa Janairu, a hankali yake hawa, ana ganin zuwansa. Jan ruwa kuwa na Agusta da Satumba ne, daga ƙoramun Sirba da Dargol da Goruwal, shi ne ke tashi cikin 'yan kwanaki. Ma'aunin da ke Yamai in ya kai santimita 620 an shiga jan gargaɗi. A Satumbar 2020 ya kai wajen 700, ganuwar ƙasa da aka yi don tare kogi a Lamorde, wadda ake ce wa dig, ta ɓalle, ruwa ya shiga Lamorde da Karaje da unguwannin da ke maƙwabtaka da su. A 2012 ma an sha irin wannan. Saboda haka arahar jika 45 ɗin nan ta Karaje, ruwa ba ya tsami banza. A wannan gefen kogin ma, ƙasan Saga da Gamkale da bakin Gudel duk hukuncinsu ɗaya.

Akwai na ƙorama, wato ruwan sama mai gudu. Kwarin Gunti Yena ya ratsa tsakiyar gari daga arewa har ya faɗa kogi, kuma kowace unguwa tana da 'yan ƙananan hanyoyin ruwanta da aka yi gini a kansu. Ruwa ba ya manta hanyarsa. In ka ga lungu tsakiyarsa ya zaizaye, yashi fari tas kamar an wanke, ga bututun pampo ya fito fili, to ƙorama ce, sunan lungu kawai ta ara.

Na ukun shi ne mai kwanciya, wanda ba ya gudu ba ya shanyewa. Shi ya fi yawa a sababbin unguwannin gefen gari da ba a yi wa magudana ba, kuma tsofaffin ma ba su tsira duka ba. Yamai 2000 da Banifandu kowace tana da tudunta da kwarinta, don haka sunan unguwa bai ishe ka ba, sai ka taka lungun da ƙafarka.

In ka je, tun daga waje za ka fara. Dubi dokin ƙofar maƙwabta. In kowa ya ƙara layin bulo ɗaya ko biyu a bakin ƙofa sai an ɗaga ƙafa a tsallaka, ko ka ga buhunan yashi da tsofaffin tayoyi rabinsu a binne, an ba ka amsa. Sannan ka gwada tsakar gida da titi. Ya kamata tsakar gida ta fi titi tudu da santimita 20 zuwa 30, daɓen ɗaki kuma ya fi tsakar gida. Tsofaffin gidaje da yawa sun nutse, saboda shekara da shekaru ana zuba jar ƙasa da shara a titi yana hawa, gidan yana nan inda yake. Wanda aka shimfiɗa wa gudron ko pabe a ƙofa ma wani lokaci haka yake komawa rami. Ka nemi bokiti ɗaya na ruwa ka kwara a tsakiyar tsakar gida, ka tsaya ka gani: kafar fita ya nufa, ko ƙofar ɗaki?

Bango kuma, ka duba daga ƙasa zuwa gwiwa. Shatin ruwa, farin gishiri-gishiri, shafe mai ɓarewa, ko sabon fenti da aka yi wa rabin mita na ƙasa kaɗai, duk shaida ne. Ƙwanƙwasa da bayan makulli. In ka ji yana amsawa kamar ƙwarya, shafen ya rabu da bango. Ka tabbata kuma ginin siminti ne ko na laka da aka shafe da siminti, don a hoto ba a bambance su. A bakin ƙofa ake ganewa: bulon siminti na 15 har da shafensa ba ya wuce santimita 20, tubalin laka ya fi haka kauri sosai. Na laka ya fi sanyi a bazara, gaskiya ne, amma in ruwa ya kwana a gindinsa narkewa yake daga ciki shafen yana tsaye, kuma irinsa ne ke rubzawa kan mutane da dare.

Kada ka ji ƙyamar haska salga da tocila. In a Agusta ruwa ya taso saura ƙasa da mita ɗaya ya taɓa daɓe, ba mutanen gidan ne suka cika ta ba, ruwan ƙasa ne. Motar kwasa za ta zo ta zuƙe, bayan sati biyu ta koma yadda take, kuɗin kuwa daga aljihun 'yan haya.

Tambaya kuma ba dillali ake yi wa ba. Mai shagon kwana da ɗan ga-ruwa su za ka tambaya, kuma kada ka ce "ruwa yana shiga nan?", don za a ce maka a'a saboda kunya. Ce musu "a 2020 ina ruwa ya tsaya?" Sai a nuna maka da hannu a jikin bango.

Mai Lissafi

Malam, Mai Awo ya gama da ruwan da ba a so, bari in taɓa wanda ake saye. Kuɗin da aka faɗa maka na haya ba shi ne kuɗin gidan ba. Ɗauki takarda ka yi wa kowane gida layi huɗu: haya, ruwa, wuta, zirga-zirga.

Ruwa tukuna. Mutum shida, a ce kowa lita 40 a yini tsakanin sha da girki da wanka da wanki, lita 240 ke nan, wajen bido 10 masu lita 25. In pampon gida yana zuwa, kuma kontar (mitar ƙidaya) ɗinka ne kai kaɗai, wata guda bai wuce mita kubik 7 da 'yan kai ba, kana cikin rukunin farko mai rahusa na kamfanin ruwa, NDE, wanda ya gaji SEEN a farkon 2024. Da wuya faktir, wato takardar biyan kuɗin wata, ta kai jika biyu. In kuwa wurin 'yan ga-ruwa za ka saya, mu ɗauka bido dala 5, jika 7 da rabi ke nan a wata. In dala 10 ne, jika 15. A Afrilu da Mayu kuma farashin hawa yake. Kaga gidan jika 50 ya koma 65 tun ba a kunna fitila ba.

Kuma ganin pampo a tsakar gida ba shi ne samun ruwa ba. Ruwan Yamai daga injinan tacewa na Gudel da Yantala yake fitowa, unguwannin da suka yi nisa ko suke kan tudu su ne na ƙarshen layi. A bazara wasu sai tsakanin ƙarfe 2 da 4 na dare yake zuwa musu, ɗis-ɗis, mata su kwana tsaron bokiti. Yanzu damina ce, in ka murɗa zai zo, don haka gwajin ba zai gaya maka komai ba. Dubi alama: gidan maƙwabta cike da ganguna da bido, 'yan ga-ruwa suna kai da kawo, ko kowane gida mai hali ya haƙa rijiyar burtsatse ya ɗora shato, wato tankin ruwa na sama. Wurin da pampo ke aiki ba a wannan wahalar.

Gidan Banifandu kuma nasa ciwon daban. In kontar ɗin ruwa ɗaya ne na magidanta huɗu, abin da ake sha a haɗe yana tsallake rukunin rahusa ya faɗa mai tsada, sai kowa ya biya fiye da abin da zai biya shi kaɗai. Na wuta ya fi kawo rigima. Ana raba faktir ɗin kamfanin wuta, NIGELEC, da ƙidayar ƙwan fitila da fanka da firijo, mai dutsen guga da mai hita su yi shiru. In mutum ɗaya ya ƙi biya a yanke wa kowa. Ka nemi ɗakin da ke da kontar nasa, mai kati ya fi, ko mai gida ya yarda a sa ƙaramin kontar na ƙidaya a layinka, a riƙa karantawa ranar da faktir ta zo. Ka tambayi ƙarfinsa kuma. Na kilowat 3 zai ɗauki fitilu da fanka da firijo da talabijin, amma in ka haɗa kilim (na'urar sanyaya ɗaki) da dutsen guga lokaci ɗaya zai riƙa faɗuwa. Ga Hajiya, na'urar sanyaya iska mai ruwa ta fi dacewa da busasshen zafin Yamai, wutar da take ci kaɗan ce.

Ka koma gidan da ƙarfe 8 na dare ka kunna fanka. In tana juyawa kamar mai jin barci, fitila ta yi ja, wutar ba ta da ƙarfi a layin, kuma ita ce ke ƙona injin firijo. Ɗaukewar wuta kuwa ba unguwar da ta tsira, musamman tun Agustan 2023 da aka samu tangarɗa da wutar da ke zuwa daga Najeriya, sai dai wani layi ya fi wani. Masu sayar da ƙanƙara su suka fi kowa sanin awa nawa ake yi babu ita. Ɗaga kai ka dubi rufi ma. Kwano babu silin, ɗaki yana kallon yamma, a watan da zafi ke haura 40, wannan tanda ce.

Zirga-zirga. Daga Yamai 2000 zuwa Plato wajen kilomita 10 zuwa 12 ne, gwargwadon inda gidan yake. Zuwa da dawowa kwana 22, wajen kilomita 500. Moto mai shan lita 2 da rabi a kilomita 100 zai ci wajen lita 13, lita kuwa dala ɗari ba tamma ɗaya tun da aka mai da ita 499 a Yulin 2024, wato jika 6 da rabi. Daga Banifandu rabin haka. Bambancin bai taka kara ya karya ba, kuma nan mutane ke ruɗuwa, su lissafa motonsu su manta iyali. Maiɗakinka za ta je kasuwa, Hajiya za ta je likita, ba a moto ba. Taksin Yamai na haɗaka ne, da kurs ake biya, wato kuɗin zango ɗaya. Wuri mai nisa direba zai ce kurs biyu, ko a sauke ki a hau wata, in kuma lungun yashi ne ko caɓi ya ce ba ya shiga. Ka auna da ƙafa minti nawa ne daga ƙofar gida zuwa gudron inda taksi da faba-faba (ƙananan bas na haya) ke bi. In ya wuce minti goma, ga mai ciwon gwiwa ya yi nisa.

Ni a ganina dillalin bai ma nuna maka ɓangaren da ya kamace ka ba. Mai aiki a Plato arewa da yamma yake dubawa: Yantala, Bobiyel, Lazare, Dar-es-Salam. Plato kanta da Kwara Kano ka bar wa ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyi. Bukoki tana da araha, ga ta jikin kasuwar Katako, Hausa kuma ko'ina, sunan ma daga bukkoki ya samo asali, sai dai cunkoso da tsofaffin gine-ginen laka.

Ka tanadi kuɗin shiga. In an ce abansin wata uku, kosiyo (kuɗin ajiya da ake mayarwa ranar fita) na wata ɗaya, ladan dillali na wata ɗaya, a gidan jika 60 jika 300 ke nan a dunƙule, ban da motar kaya daga Tawa, ga kuɗin komawar yara makaranta a watan. Kuma ka yi ƙoƙari ka gama kafin tsakiyar Satumba. Daga nan ma'aikatan da aka canza wa wuri da ɗalibai ke cika gari, mai gida ba ya sauraron ragi.

Uwar Marayu

Sannunku da ƙoƙari. Ƙanena, maza sun yi maka lissafin bango da kontar, ni wanda zai yini a gidan nake tunani. Kai za ka fita ƙarfe 7 da rabi, sai bayan 5 da rabi a gan ka, in ban da Juma'a. Saura mace ɗaya da tsohuwa da ƙaramin yaro. Wannan gida shi kaɗai da katangarsa da ya burge ka, shi na fi jin tsoro.

A unguwannin gefen gari abin da ke kawo sata ba talauci ba ne, rashin ido ne. Tsaya a ƙofar gidan ka ƙirga gida biyar dama, biyar hagu, da na gabanka. Nawa ne akwai mutane a ciki, nawa ne kango ko fili? In rabi kango ne, ka haƙura da shi ko nawa aka rage. A kango ake laɓewa a karanci fitarka da shigarka, ta bangonsa ake hawa katangarka, in an yi kururuwa kuma ba mai ji. Katanga ta kai mita 2, kuma ka zaga bayanta ka gani ko akwai abin takawa, tarin bulo ko icce ko juji. Ƙofar waje ta ƙarfe ce mai sakata ta ciki? Tagogi da ƙarfe da raga? Ragar ma ba ta ɓarawo kaɗai ba ce, daga Agusta zuwa Oktoba sauro ne sarki, balle kusa da gonakin shinkafa na Saga da Kirkisoy.

Sau uku ake zuwa ganin lungu: bayan asuba, da rana tsaka, da wajen ƙarfe 10 na dare. Da asuba ka yi salla a masallacin lungun ka ga sahu nawa ne, dattawa ne mazauna ko 'yan wucewa. Da dare ka ga ko akwai haske, ko shago da mai shayi suna buɗe, ko mata suna wucewa su kaɗai ba sauri. Sannan fada. Kusan kowane lungu a Yamai yana da fadar samari masu dafa shayi har tsakar dare, kuma iri biyu ce. Wadda 'ya'yan lungun ne, an san iyayensu, ka yi sallama su amsa su miƙo maka kofi, ta fi maigadi amfani, baƙon moto ba ya wucewa ba su gan shi ba. Wadda kuwa ka doso aka yi tsit, ana ɓoye abu a bayan benci, ba sai an gaya maka ba.

Abin da aka fi fama da shi fizgen waya da jaka ne a kan moto, da satar moton kanta. Taka ta kwana cikin ɗaki ko zaure mai makulli. In tsakar gida za ta kwana, a kafa zoben ƙarfe cikin siminti a ɗaure ta da sarƙa, don makullin wuya minti ɗaya ne a wurinsu. Kowa a gidan ya haddace 17 na 'yan sanda da 18 na 'yan kwana-kwana, ka kuma san kwamisariyar da ta fi kusa.

Ban yarda da Mai Lissafi ba a kan gidan haɗaka. Rigimar faktir gaskiya ce, amma ga baƙuwar da ba ta san kowa ba, maƙwabciya a tsakar gida ɗaya ita ce mai nuna mata kasuwa, mai riƙe mata yaro, mai kiran taksi in jikin Hajiya ya motsa. Abin tambaya shi ne mutum nawa ne a gidan, ba magidanta nawa ba, don magidanta huɗu suna iya zama mutum 30. Salga da makewayi nawa? In ɗaya ce, tsohuwa mai gwiwa ba za ta iya layin safe ba, sai in ɓangarenku yana da nasa a ciki. Akwai gwauraye ko duk masu iyali ne? Ƙarfe nawa ake rufe ƙofa, wa ke riƙe makulli? Ina ake girki, ina ruwan wanki ke zuba? Wannan na ƙarshen shi ne tushen rabin faɗan matan gidan haya.

Likita kuma, ka nemi CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, da za a iya zuwa a ƙafa, ka tambaya ko suna kwana. Babban asibitin ƙasa yana kusa da Plato, na Referans yana Cangare can arewa, maternite Issaka Gazobi, wato asibitin haihuwa, tana tsakiyar gari. Makarantar yara ta zama wadda ba sai sun tsallaka babban gudron ba. Ka je ka gan ta da ido, in azuzuwan zana ne ka san ba a zama cikinsu sosai sai ruwa ya ɗauke. Ka karɓo takardar canjin makaranta tun daga Tawa kafin ku taso.

Ranar da kuka sauka, ka je ka gai da mai unguwa da liman, maiɗakinka ta shiga gidajen kusa. Hausa za ta ishe ku a kasuwa da taksi, amma "fofo" da "mate ni go" na Zabarmanci suna buɗe fuskar tsofaffin unguwa. Yara kam kafin azumi su ne za su riƙa yi muku tafinta.

Ba'adare

Allah ya saka da alheri, na fasa tura kuɗin. Zan shigo ranar Alhamis in yi kwana huɗu in zaga da kaina, har da su Lazare da Bobiyel. Saura abu biyu. In na ga wanda ya yi mini, yaya zan biya ba a cuce ni ba? Sannan Harobanda, wato ƙetaren kogi inda Karaje take, gaba ɗaya zan cire daga lissafi? Na ji an ce ta fi kusa da Plato.

Magatakarda

Malam, dillali mai nuna gida ne, ba mai karɓar haya ba. Ladansa kaɗai za ka ba shi, kuma ku yanke shi tun kafin ku hau moto: nawa ne na ganin gida, nawa ne in an daidaita. Kada ka tsaya kan dillali ɗaya, kowace unguwa tana da nata da ke zama a inuwa ɗaya kullum, su suka san gidan da za a fita ƙarshen wata.

Cutar da aka fi yi iri biyu ce. Ko a karɓi abansin mutum biyu ko uku a kan gida ɗaya, wanda ya karɓa ya kashe waya. Ko kuma gidan gado ne da ba a raba ba, ɗa ɗaya ya ba ka haya, bayan wata biyu 'yan'uwansa su zo su ce ba da saninsu ba. Maganin duka biyun ɗaya ne: ka zauna da mai gidan ido da ido, cikin gidan, ya buɗe ƙofa da makullinsa. Ka ga katin shaidarsa, ka gwada sunan da wanda ke kan faktir ɗin wuta da ta ruwa. In sun saɓa ka tambayi dalili. In wakili ne ya nuna takardar wakilci, ka kuma yi magana da mai gidan ta waya a gabansa. Maƙwabci na jikin katanga da mai unguwa za su gaya maka gidan wane ne.

A rubuta yarjejeniya, kofi biyu, kowa ya sa hannu da shaidu biyu, a kai kwamisariya ko ofishin magajin gari a buga hatimi. A ciki a sa kuɗin wata da ranar biya, watannin da abansi ya rufe da sunansu (Oktoba, Nuwamba, Disamba, ba "wata uku" kawai ba), nawa ne kosiyo da sharaɗin mayar da shi, da wa'adin da kowane ɓangare zai ba ɗaya kafin tashi. A faɗi wanda zai biya kwasar salga da gyaran rufi in ya yi yoyo. In akwai gyaran da za ka yi da kuɗinka, kamar silin ko ragar taga, a rubuta cewa za a cire daga haya, in ba haka ba ka yi wa mai gida kyauta. A sa kuma cewa ba za a ƙara haya ba cikin shekarar farko.

Kafin kaya su shiga, ku zaga tare ku ɗauki hoton kowane bango da ƙofa da pampo da tsagewar daɓe, ka tura masa ta WhatsApp a ranar don kwanan wata ya zauna. A nan kosiyo ke narkewa, ranar fita a ce kai ka fasa abin da ka tarar a fashe. Ɗauki hoton lambar da kowane kontar ya tsaya a kai, ka ga rasit na faktir ɗin ƙarshe. Bashin wanda ya tashi yana bin kontar ne, kai za a yanke wa.

Biya kuma, ko hannu da hannu da rasit mai sa hannu, ko ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana da sunan mai gidan, ka adana takardar. Makulli a hannunka ranar da kuɗi suka fita daga naka, kuma ranar ka canza kwaɗon ƙofar waje da na ɗakuna.

Wani abu da 'yan haya ba sa tambaya: unguwar an yanka ta a hukumance ko kuwa zaman kara-zube ne? Lunguna miƙaƙƙu masu faɗi ɗaya alamar an yanka ne. Inda ba a yanka ba, ko cikin dajin dogon yaro da ya kewaye gari, ko jikin shingen filin jirgi da barikin soja, haya tana da araha, amma ranar da aka zo tashin mutane ba a tambayar wa ya biya abansi.

Mai Awon Fili

Maganar Harobanda kuma, a'a, kada ka cire ta duka. Harobanda ba kwari ce gaba ɗaya ba, ƙasa tana hawa in ka yi nesa da kogi ka nufi tuddai, wajen Sagiya da hanyar Torodi. Can kuma ƙoramun da ke gangarowa daga tudu za ka kula da su. Jami'ar Abdu Mumuni da asibitin Lamorde duk a gefen suke, kusancin da aka gaya maka kuma gaskiya ne. Sai dai gadar Kennedy, wadda aka buɗe tun 1970, hannu ɗaya ne zuwa ɗaya dawowa, da safe moto da taksi da amalanke duk a kanta. Gada ta biyu ta 2011 tana ƙasa wajen Gamkale, ta uku mai sunan Janar Seyni Kunce da aka buɗe a 2021 tana sama wajen Gudel, kowace zagaye ce ga mai zuwa Plato.

Tunda Alhamis za ka shigo, ka kwana a gefen, ka tashi daga ƙofar gidan Karaje zuwa Plato ranar Juma'a ƙarfe 7 da kwata ka duba agogo. Asabar da Lahadi gadar fayau take, ba za su gaya maka komai ba. Ka tuna kuma yanzu hutu ne, in an koma makaranta a Oktoba sai ka ƙara a kan abin da ka samu. In Allah ya sa aka yi ruwa cikin kwanakin nan huɗu, kada ka fake a masauki. Yana ɗaukewa ka naɗe ƙafar wando ka koma lungunan da ka gani, ka sake komawa washegari da safe ka ga wanda ya tsane da wanda kwaɗi suka kwana a ciki.